Fim na ruɓewa a gwangwani, ana rigimar wane ne kaboyi

Baba Mai Majigi: Assalamu alaikum. Na san ba wanda zai kula tunda ba rigimar ƙwallo na kawo ba, amma abin nan ya tsaya mini a wuya. Fim ɗin kaboyin nan na John Wayne, The Alamo, na 1960, shi ya ba da umarni, shi ya fito a Davy Crockett, ɗaya daga cikin mayaƙan da suka mutu a sansanin Alamo na Texas, har kadarorinsa ya jinginar don a kammala. Asalinsa minti 202 ne, aka datse shi zuwa 167. Cikakken kwafin mai faɗin milimita 70 a Toronto ta Kanada aka tsinto shi a farkon shekarun 1990, daga baya shi ma ya kama lalacewa. Robert Harris, gwanin gyaran tsofaffin finafinai wanda ya farfaɗo da fim ɗin Lawrence of Arabia, ya yi ta kururuwa cewa launin yana zubewa, ya nemi a bari a haɗa kuɗi daga waje a gyara. A 2014 kamfanin MGM mai haƙƙin fim ɗin ya ce babu wani haɗari, karo-karon kuma bai samu izini ba. Ni na yi shekaru ina jan inji a gidan silima. In ka buɗe gwangwanin fim wari mai tsami ya daki hancinka, sai dai Innalillahi, ledar ce ta fara cin kanta. Wane irin mai kaya ne za a ce ga kuɗin magani ya ce ɗansa lafiya lau?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka da komai, Alamo ba fim ɗin kaboyi ba ne. Na yaƙi ne.

Baba Mai Majigi: John Wayne ne fa, yaro.

Ɗan Fagge: Ko shi ne. Hular gashi mai jela ya sa a ciki. Ina malafar? Ina shanun?

Malam Na Tarihi: Ɗan Fagge ya fi kusa da gaskiya. Yaƙin Alamo a 1836 aka yi shi, a San Antonio, lokacin tawayen Texas ga Meziko, sojojin Santa Anna na Meziko suka yi wa wurin ƙawanya kwana 13, suka ci shi ranar 6 ga Maris. Zamanin kora garken shanu daga Texas zuwa tashar jirgin ƙasa a Abilene ta Kansas kuwa sai wajen 1867, bayan yaƙin basasar Amurka. Shekara talatin ke tsakani. Kaboyi makiyayi ne na haya, ba wani abu ba, kuma wajen makiyayan Meziko aka koyi sana'ar.

Sarkin Django: Malam ka bar mu da littafi. A garin nan duk wanda ya hau doki da bindiga a ƙugu kaboyi ne. Django akwatin gawa yake ja a cikin taɓo, ko akuya ba ya kiwo, wa ya taɓa cewa ba kaboyi ba ne?

Ɗan Fagge: Django daban.

Sarkin Django: Da me ya bambanta?

Ɗan Fagge: Da malafa.

Baba Mai Majigi: Django ma ai jabu ne. Franco Nero da ya fito a Django ɗan Italiya ne, fim ɗin na 1966. Su Clint Eastwood kuwa a hamadar Almeria ta Sifen Sergio Leone ya ɗauke su. Ba su taka Texas ba. Wayne a Brackettville ya gina garinsa, a cikin Texas ɗin kanta.

Sarkin Django: Jabu? Baba, wa ake yi wa tafi da fito a silimun Plaza da El Dorado? Ka taɓa jin yaro ya sa wa kansa laƙabin Crockett? Jabun ya fi na asalin kasuwa.

Anti Mai Ɗinki: Ku yi haƙuri, ni kuɗin na ji Baba ya tambaya. An taɓa yin irin wannan ai ya yiwu. One-Eyed Jacks na Marlon Brando, na 1961, shekaru ana sayar da kwafinsa dishi-dishi, sai kamfanin Universal ya haɗa kai da gidauniyar da Martin Scorsese ya kafa a 1990, aka ɗauko asalin ledar aka gyara, aka nuna a bikin fina-finan Cannes a 2016. Abin da na fahimta, mai haƙƙi ne ke riƙe da makullin ɗakin ajiya. In bai buɗe ba, ko tiriliyan aka tara ba mai taɓa ledar.

Sarkin Django: Anti, shi Brando ɗin kaboyi ne? A bakin teku fa aka yi rabin fim ɗin. Kaboyi da igiyar ruwa?

Anti Mai Ɗinki: Ikon Allah.

Malam Na Tarihi: Ni dai ko kaboyi ne ko ba kaboyi ba, sisina ba zai shiga ba. Meziko ta haramta bauta a 1829, baƙin da suka shigo Texas daga Amurka suna son ci gaba da riƙe bayinsu, wannan na cikin dalilan tawayen. Jim Bowie, ɗaya daga cikin jagororin mayaƙan Alamo da ake yi wa kirari, fataucin bayi ya yi. Kwamandan wurin, William Travis, yana da bawa mai suna Joe, yana cikin 'yan tsirarun da suka tsira. Kuma makiyayan gaskiya na bayan yaƙin basasa da yawansu baƙaƙen fata ne, silima ta wanke su tas ta mayar da su Turawa.

Baba Mai Majigi: Malam, a fim ɗin Bowie ya 'yanta bawansa.

Malam Na Tarihi: A fim ɗin.

Ɗan Fagge: Kun gani ko? Malam ma ya ce ba kaboyi ba ne.

Malam Na Tarihi: Ba abin da na faɗa ke nan yanzu ba.

Ɗan Maraɗi: Kuna ta wahala. Kaboyi na gaskiya a wajenmu yake. Moustapha Alassane ya yi Le retour d'un aventurier a Nijar tun 1966, saurayi ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Shekara ɗaya da Django ɗinku. Ku me kuka yi a lokacin?

Sarkin Django: Kaboyin akwati ke nan.

Ɗan Maraɗi: Naka ma ai akwati yake ja, na gawa ma.

Ɗan Fagge: Mu muna da Shaihu Umar, 1976, Adamu Halilu, daga littafin Tafawa Ɓalewa.

Ɗan Maraɗi: Wanda kuka manta da shi a ma'ajiya sai da Jamusawa suka zo? Cibiyar Arsenal ta Berlin ce ta gyara shi aka nuna a bikin fina-finan Berlin a 2018. Kuma ba kaboyi a ciki.

Ɗan Fagge: Akwai raƙuma.

Anti Mai Ɗinki: To ai ga maganar Baba nan ta dawo da ƙafarta. An gyara Shaihu Umar ne saboda masu riƙe da shi sun yarda wani ya sa kuɗi da gwaninta.

Sarkin Django: Anti, raƙumi ba doki ba ne, kar ki goya wa Ɗan Fagge baya don unguwarku ɗaya.

Anti Mai Ɗinki: Ni ban ce komai a kan raƙumi ba!

Baba Mai Majigi: Amazon ta sayi MGM a 2022, kusan dala biliyan 8.5. Mai wannan kuɗin bai rasa na gyaran fim ɗaya ba. Shi ke nan abin da nake faɗa tun safe.

Ɗan Maraɗi: Baba, kai da ka yi aikin inji, tsakani da Allah, ka taɓa haska fim ɗin Nijar ko ɗaya?

Baba Mai Majigi: Abin da aka kawo mana muke haskawa.

Ɗan Maraɗi: Na ji amsata.

Sarkin Django: Tunda ni ke riƙe da zauren nan, bari in taƙaita kafin magariba. Na ɗaya, kowa ya yarda kaboyi ba sai da shanu ba, don haka Django kaboyi ne cikakke, ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Na biyu, Malam ya tabbatar mana da cewa fim ɗin Baba na masu bayi ne, saboda haka in ma za a yi karo-karo, finafinan Italiya suka fi cancanta. Na uku, kalmar jabu da Baba ya faɗa muna jiran ya janye ta. Maganar raƙumi an bar ta sai wani zaman. Na rufe.

Malam Na Tarihi: Ban ce a ba Italiya ko kwabo ba.

Ɗan Maraɗi: Ina Alassane a taƙaitawar taka?

Baba Mai Majigi: Ban janye ba. Jabu ne.