Awaki ko tumaki: wa zai cinye dajin gonar Baba?

Sani: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na leƙa gonar Baba ta bayan Gezawa, wallahi na dawo raina a ɓace. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ba wanda ya sa mata fartanya. Sabara ta kawo min ƙirji, magarya ta toshe hanyar rijiya, ɗunɗu ya cinye kusurwar gabas, kafin in kai gindin mangwaro sai da ƙaya ta yaga min hannun riga. Eka biyu ce kacal, amma in ka tsaya a bakinta ba ka hango ƙarshenta. Ga shawarata: kada mu kashe kuɗi a kan 'yan sassabe. Mu haɗa kuɗin mu sayi awaki shida mu zuba a ciki yanzu da aka gama kaka. Kafin ruwan farko sun share ta, mu kuma mun tashi da awaki da taki. Akuya ta fi adda a wannan aiki, a kan haka na tsaya.

Yaya Bala: Amin ya Allah. Sani, ka kyauta da ka je. Amma awaki kam a'a. Ba dabbar da ta kai akuya jawo wa mai ita rigima. In dabba za a sa, a sa tumaki. Tunkiya inda ka bar ta nan za ka same ta, ba ta hawa katanga, ba ta tsallake shinge. A haɗa da raguna biyu, Babbar Sallah ta zo mu samu na layya ko mu sayar da daraja.

Maryam: Yaya, a yi min afuwa, a nan sai na saɓa maka. Ka kalli yadda kowacce take cin abinci. Tunkiya kanta a ƙasa yake, ciyawa take bi. Akuya kanta a sama, ganye take nema, ta tsaya da ƙafafun baya ta dafa reshe, ta sa leɓe ta tsince ganyen magarya ɗaya bayan ɗaya daga tsakanin ƙaya. Abin da Yaya Sani ya lissafa duk itace ne da ƙaya. Ka zuba tumaki a can da rani, za su gama da busasshiyar ciyawar da ke ƙasa su tsaya suna kuka, dajin yana nan yadda yake, mu kuma mu koma sayen harawa da dusa.

Sani: Yauwa ƙanwata, karatun kiwon dabbobin nan bai tafi a banza ba.

Maryam: Ka tsaya tukuna Yaya Sani, ban gama ba, kai ma akwai gyara a maganarka. Akuya ganye take ci da kan reshe mai taushi, sai ɓawo. Ba ta sare itace, ba ta tone saiwa. Sabara kuwa ƙarfinta a ƙasa yake. Ko da gatari ka sare ta, daga kututturen za ta sake fitowa. Sannan ba ta kai magarya daɗi a bakin akuya ba, sai sun rasa abin da suka fi so suke komawa kanta sosai. Awaki shida a eka biyu yawo za su yi ta yi, su ɗan taɓa nan su ɗan taɓa can, a kai watan Yuni ka ga wurin ya ɗan yi haske daga ƙasa zuwa inda bakinsu ke kaiwa, shi ke nan.

Inda akuya take da amfani na gaske shi ne bayan an sare. Duk tohon da ya leƙo ta cinye shi, ya sake fitowa ta sake cinyewa, har saiwar ta gaji don ba ta samun ganyen da zai ciyar da ita. Wannan kuma ba aikin rani ɗaya ba ne. Kuma sai an tsare su a ɗan yanki ƙarami sun gama da shi, sannan a matsa da su gaba.

Sani: To ai a Amurka ma haka suke yi. A 2009 kamfanin Google ya ɗauko awaki suka share masa ciyayin da ke kewaye da hedikwatarsa a Kalifoniya, maimakon injin yankan ciyawa. Har yanzu a jihar ana hayar awaki su cinye ƙananan itatuwa don rage gobarar daji. Mu da muka gaji kiwon akuya kaka da kakanni mu ne za mu raina ta?

Usman: Ɗan'uwa, labarin gaskiya ne, amma ka faɗe shi duka. Awaki wajen 200 aka kawo musu, da makiyayi, da karen kiwo, suka yi kamar mako guda aka kwashe su. Yawan ne yake aikin: in sun yi cincirindo a wuri ɗaya babu zaɓe, kowacce abin da ta samu take ci. Kai kuma shida kake magana, ba makiyayi, kana Kantin Kwari daga safe har magariba.

Baffa Isa: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ku saurare ni, don ni na yi noma a gonar nan tare da mahaifinku tun ba a haifi Bala ba.

Duk kuna maganar abin da dabba za ta ci, ba wanda ya yi maganar abin da zai hana ta cin na wani. Shingen aguwar da mahaifinku ya dasa ya mutu ta wajen arewa, na gani da idona bara. Maƙwabcinmu na wannan ɓangaren rogo yake sawa, rogo kuwa yana ƙasa har rani. Akuyar ɗaure in ta samu sake kun san abin da take yi. Ranar da shida suka kwana a cikin rogon mutum, sai gaban mai unguwa, a ƙiyasta ɓarna a ce ku biya, zumuncin shekara arba'in ya samu tabo saboda ganye. Sannan ku tuna ƙa'idar ƙauye: da an yi shuka ake shela kowa ya ɗaure dabbarsa, ba a saki sai an kawar da amfanin gona. Ke nan duk damina a turke za su zauna, wani ne zai yanko ciyawa ya kawo musu. Wane ne wanin? Wa zai ja ruwa a rijiya safe da yamma? Wa zai kwana kusa da su? Dabba a gonar da ba kowa, ɓarawo kuka tara wa.

Mahaifinku duk bazara da addarsa yake bin sabarar nan, kwana uku ya gama. Don an bar ta shekara huɗu ne ta zama abin tsoro.

Yaya Bala: Allah ya ƙara girma Baffa. Abin da nake gudu ke nan. Ko a turken ma tunkiya ta fi haƙuri.

Gwaggo Hajara: Bala, haƙurin tunkiya ba zai cinye ƙaya ba. Ni ina bayan awaki, shekarata ashirin ina kiwonsu a nan Ɗorayi. Jar akuya irin ta Sakkwato da Maraɗi za ku nema, tana da jimiri, wata biyar ta haihu, sau da yawa tagwaye. Amma Sani, ka ce ka je gindin mangwaro. Ƙananan da Yaya ya dasa shekarar da zai rasu, da gwaba biyun nan, suna nan?

Sani: Suna nan Gwaggo. Mangwaro uku sun rayu, sun ɗan fi ni tsawo. Gwaba ɗaya ce ta rage.

Gwaggo Hajara: To ka ji. Ina da zogale a tsakar gida, kaurinsa ya kai damtsena. Rana ɗaya na tafi suna Gwammaja, yara suka bar ƙofar garke a buɗe. Na dawo la'asar na tarar da shi fari fat, sun ɓare ɓawon sun zagaye shi tun daga ƙasa har inda suka iya miƙewa. Bai ƙara yin ganye ba daga sama, sai da na sare shi. Itace in aka zagaye ɓawonsa ya gama. Akuya ba ta san wannan dashen marigayi ba ne, wancan ɗunɗu ne. Kafin ta kalli sabara mangwaron za ta fara yi wa. Ni abin da ɗan'uwana ya dasa da hannunsa ba zan yarda a yi caca da shi ba.

Sani: Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Za a kewaye su da waya, kowanne da nasa.

Maryam: A sa wayar da ɗan nisa, ta kuma yi tsawo, don suna jingina da ita su miƙa wuya. Akwai kuma abin da nake so ka duba in ka koma. Wajen rijiya inda ruwa ke kwanciya, in akwai duman kada a tuge shi, yana sa wa awaki da tumaki rawar jiki da tangaɗi. Rai ɗore ma guba ne, musamman 'ya'yansa. Tumfafiya da tafasa kuwa kada ka sa rai za su share maka su, ba su dame su ba. A tsince ledojin da iska ta tara a jikin ƙaya, leda ta kashe awaki da yawa a garin nan. Kuma duk abin da aka sayo a kasuwa, ko Wudil ko 'Yan Awaki ta Unguwa Uku, a ware shi mako biyu zuwa uku, a ba shi maganin tsutsar ciki, a yi masa allurar PPR, ciwon nan mai majina da zawo da gyambon baki da ke share garke. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin allurar, guda ɗaya tana kare dabba shekara uku. Tumakin da Yaya Bala yake so ma ciwon ba ya barin su.

Usman: Ni akwai inda na saɓa da ku duka. Me ya sa sai an share ta tas? Lokacin da nake zuwa Maraɗi saro kaya na ga abin da suke kira sassabin zamani. Ba sa sare komai. A kowane kututture sai su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran, rassan su tashi su zama bishiya a tsakiyar gero. Tun shekarun 1980 suke yi, gonakin da suka zama fili sun sake yin itatuwa. Shekara huɗun da muka bar gonar nan, ƙila ta haifa mana abin da ba mu shuka ba.

Baffa Isa: Usman ya yi magana. Akwai gawo babba a kudu, ba shakka ya zubar da 'ya'ya. Gawo da damina yake kaɗe ganye, ba ya tare wa shuka rana, gero a gindinsa ya fi na ko'ina kyau, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabba ne. Ƙaramin gawo ƙaya gare shi, wanda bai sani ba zai sare shi a zaton ɗunɗu ne, akuya kuma ba abin da take so kamarsa. Magarya ma a bar biyu ko uku. Kada wanda ya ɗaga adda a gonar nan sai na zaga na ɗaura tsumma a jikin abin da za a bari.

Sani: Na karɓi gyara a kan sassabe, a fara sarewa. Amma ban janye maganar awaki ba. In ba su, baɗi war haka tohon ya dawo, mu sake biya.

Yaya Bala: Ni ma ban janye ba. In an sare aka samu fili ciyawa ce za ta fito, ciyawa kuwa ta tunkiya ce. Kason kuɗina raguna biyu za a saya min 'yan ƙasa, a ɗaure su a inuwar gawo. Awakinku in sun shiga rogon mutane, ku da Gwaggo za ku je gaban mai unguwa.

Gwaggo Hajara: Zan je. Zan ma ba da biyu daga nawa, uwa da 'yarta, sun saba da turke. Amma ƙafarsu ba za ta taka gonar ba sai na ga hoton mangwaron nan uku a cikin waya.

Baffa Isa: Sani, kada ka je Wudil ranar Juma'a tukuna. Asabar ka zo ka ɗauke ni bayan sallar asuba. Mu fara gaida mai unguwa, mu ji ko cikin 'ya'yan maƙwabcin akwai wanda zai karɓi kiwon a raba 'ya'ya da shi, sannan mu auna inda shingen ya mutu. Yanzu lokacin dasa aguwa ne, da rani take kamawa. Ka taho da adda biyu da tsofaffin tsummoki, Usman kai ma ka shirya.

Usman: In sha Allahu Baffa. Zan zo da igiyar awo.