Me ya sa zafi ke lalata girafin da aka shimfiɗa a kan jan ƙarfe?

Ɗalibin Fiziks, Jos:
Assalamu alaikum malamai. An koya mana cewa girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, ana samar da shi a kan fallen jan ƙarfe cikin tanderu mai zafin kusan digiri 1000, tare da iskar metan da haidurojin. To, idan a irin wannan wuta aka haife shi, me ya sa ake gargaɗin kada a dumama shi ko da zuwa digiri 500?

Malamin Kimiyya, Abuja:
Wa alaikumus salam. Ai tanderun da ake haɗa shi a ciki babu iskar oksijin, kuma nan ne bambancin yake. Girafin yana jure zafi ƙwarai matuƙar an zuƙe iska ko an cika wurin da agon, wata iska da ba ta haɗuwa da sauran sinadarai, amma a sarari oksijin kan fara cin sa tun wajen digiri 400 zuwa 500, daga gefuna da mahaɗar da tsibiran girafin suka haɗu lokacin girma. Jan ƙarfen ma yakan riga shi lalacewa, domin tun kusan digiri 200 iska ke kutsawa ta waɗannan kafofi, sai ka ga launinsa ya sauya a madubin ƙara girma yayin da inda girafin ya rufe yake nan da ƙyallinsa.

Mai Bincike, Gwagwalada:
Malam ya yi bayani, sai dai a ganina lokacin hucewa ya fi zama abin lura. Jan ƙarfe yana tsukewa sosai idan ya sauko daga digiri 1000, girafin kuwa kusan ba ya tsukewa, saboda haka dole ya tattare kamar rigar da ta yi wa yaro yawa. Sannan jan ƙarfe na narkewa a digiri 1085, don haka samansa ma ba a zaune yake ba lokacin aikin.

Malamin Kimiyya, Abuja:
Haka ne. A kan nikel ma, wani ƙarfe da ake iya shimfiɗa girafin a kansa maimakon jan ƙarfe, lamarin ya fi wuya, saboda nikel yana shanye kabon idan ya yi zafi, ya amayar da shi idan yana hucewa, sai a samu shimfiɗa da yawa maimakon ɗaya. Jan ƙarfe ba ya shan kabon sai ɗan kaɗan, shi ya sa masu bincike suka fi karkata gare shi tun 2009.

Ɗalibin Fiziks, Jos:
Na gode malamai, Allah ya ƙara ilimi. Ke nan a kan nikel saurin hucewar ma yana cikin abin da ke ƙayyade kaurin shimfiɗar?