Tunda aka ƙara masa ƙwayar dare ɗana ya sauya hali, ku ba ni shawara

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dole ce ta sa. Ɗana mai shekara 8 yana fama da asma tun yana ɗan shekara 4, ga kuma alaji. Da ya shaƙi ƙura sai atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci ya yi ta yoyo, idanu su kaɗa su yi ja yana ta murzawa. Likita ya ɗora shi a kan inhela biyu, shuɗiya ta salbutamol idan numfashi ya sarƙe, da mai ruwan ƙasa ta beklometason safe da dare, sai setirizin saboda alajin. Mako 5 da suka wuce aka ƙara masa montelukas, ƙwayar taunawa mai miligiram 5, kullum kafin barci.

Tarin dare kam ya ragu, ba zan ɓoye ba. Amma yaron ya zama wani daban. Tsakar dare sai ya farka da ihu, jikinsa sharkaf da gumi, ya ƙanƙame wuyana yana cewa wani abu na bin sa. Shekaranjiya ya ɗauki takalmi ya jefi ƙanwarsa, yarinyar da ko kuka ta yi shi ne mai lallashinta. Da na yi masa magana sai ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka, ya ce shi ma bai san abin da ke damun sa ba.

Akwai abin da ban gaya wa likita ba. Wata 3 ke nan da na daina ba shi mai ruwan ƙasar, don na ji an ce sitiroid ce, tana hana yaro tsawo, kuma idan jiki ya saba ba a rabuwa da ita. Shuɗiyar kuwa yanzu kusan kullum sai ya shaƙa. Bayan ya shaƙa hannunsa rawa yake yi har fensir ya ƙi tsayawa, in na ɗora tafina a ƙirjinsa sai in ji zuciyar na dukan uku-uku. Don Allah wanne ne yake yi masa illa a cikinsu? Ko in ajiye su gaba ɗaya jikinsa ya huta?

Wata uwa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ina karantawa ina jin kamar labarina kike bayarwa. 'Yata ta yi wannan firgitar daren bayan kamar kwana 10 da fara montelukas, har ta daina yarda a kashe fitila. Da muka koma asibiti likita ya tsayar da ƙwayar, cikin mako guda barcinta ya dawo daidai. Gobe-goben nan ki kai shi, kada ki jira ranar da aka rubuta miki. Allah ya ba shi lafiya.

Wani ɗan uwa:

Ni dai a ganina magungunan sun yi wa yaro yawa. Ki ajiye inhelar, ki nemi salbutamol na ruwa, ya fi sauƙi. Da dare kuma ki ba shi Piriton ya samu barci.

Mai haɗa magunguna:

Malam, ka yi haƙuri, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma wannan shawarar za ta ƙara wa yaron wahala ne. Salbutamol na ruwa sai ya bi ta ciki ya shiga jini ya zaga jiki duka kafin ya isa huhu, saboda haka aikinsa ya fi jinkiri, rawar hannu da bugun zuciyar da take kuka da su kuma sun fi yawa. Feshi ɗaya na inhela maikirogiram 100 ne kacal, kuma kai tsaye yake zuwa inda ake buƙatarsa. Shi kuma Piriton tsohon maganin alaji ne da ke ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa. Yana sa barci da bushewar baki, yaro ya wayi gari a aji yana gyangyaɗi, wasu yaran ma akasin haka yake yi musu, su kasa zama wuri ɗaya. Ba ya maganin asma ko kaɗan, kuma ba a ba yaro shi don kawai ya yi barci.

Maman yaro, bari in fara da abin da ya fi tayar miki da hankali. Mugun mafarki, firgita, saurin fushi, damuwa, duk sanannun illolin montelukas ne a wasu mutane, manya da yara. A watan Maris na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a sa wa maganin gargaɗi mafi ƙarfi da take da shi, wanda ake zagaye wa da baƙin layi a takardar magani, saboda sauyin hali da na tunani, har da tunanin kashe kai. Abin da hukumar ta ce shi ne idan aka ga irin wannan sauyi a dakatar da maganin a sanar da likita nan take. Ta kuma ce mai alajin hanci kaɗai kada a fara masa da shi sai in sauran magunguna sun gaza. Wannan ba ya nufin maganin banza ne. Yara da yawa suna shan sa lafiya ƙalau, yana taimakon masu tarin dare da waɗanda guje-guje ke tayar musu da ciwon. Amma yadda kika ce abin ya fara bayan an ƙara shi, ni ba zan ba shi na daren yau ba, kuma gobe da safe zan kai shi wurin likita. Yawanci alamomin suna wucewa bayan an tsayar, ko da yake akwai waɗanda nasu ya ɗan jima, don haka ki sa masa ido.

Yanzu ga abin da nake so ki tsaya ki duba da kyau. Wata 3 da kika janye mai ruwan ƙasa, mako 5 da aka ƙara ƙwaya. Likita ya ga yaro na tari da dare yana yawan shaƙar shuɗiya, shi a saninsa yaron yana kan beklometason safe da dare, sai ya ɗauka ba ta wadatar ba, ya ƙara wani magani a kai. Da ya san an daina, mai yiwuwa ne da ba a kai ga montelukas ɗin ba. Ba laifinki nake nema ba, tsoro ne ya sa ki, kuma iyaye da yawa sun yi haka a gabana. Amma ki gaya masa gaskiya gobe, domin a kan abin da kika faɗa zai yi hukunci.

Asma kumburi ne a cikin hanyoyin iska na huhu, yana nan ko a ranar da yaro yake wasa ba ya tari. Shuɗiyar tana sassauta tsokar da ta matse hanyar ne kawai, cikin 'yan mintuna numfashi ya buɗe, bayan awa 4 zuwa 6 aikinta ya ƙare, kumburin kuwa ko taɓa shi ba ta yi ba. Mai ruwan ƙasar ita ce mai kwantar da kumburin, amma a hankali take aiki. Ba a jin komai lokacin da aka shaƙe ta, sai an yi kwanaki, wani lokaci makonni, ana yi kullum. Shi ya sa mutane ke raina ta su riƙe shuɗiya, alhali mai ruwan ƙasar ce mai hana a kwana a asibiti.

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara:

Hajiya, maganar tsawo da kika ji tana da tushe, sai dai an ƙara mata gishiri. Akwai babban bincike da aka yi a kan yara sama da dubu a Amurka da Kanada, aka bi su har suka girma, sakamakon ya fito a 2012. Waɗanda suka yi shekaru suna shaƙar budesonid, wadda 'yar uwar beklometason ce, sun gaza sauran da kimanin santimita 1.2 a tsawo. Ki duba faɗin ɗan yatsanki, kusan shi ke nan. Ki ɗora wannan a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ki ɗora yaron da aka shigo mana da shi tsakar dare haƙarƙarinsa na lotsawa, ba ya iya haɗa kalma biyu. Kuma irin wannan yaron firednisolon ake ba shi na kwana 3 zuwa 5, sitiroid ta baki mai zaga jiki duka, wadda ƙarfinta ya ninka na inhela nesa ba kusa ba. Ita ce idan ana yawan maimaita ta take kawo ƙiba, hawan sukari da raunin ƙashi. Wato gudun ƙaramar ne ke kai yaro ga babbar.

Batun sabo kuma, jiki ba ya kamuwa da mai ruwan ƙasar irin kamuwar ƙwaya. Idan yaro ya yi kamar wata 3 lafiya, likita da kansa yake rage adadin.

Illar da muka fi gani da mai ruwan ƙasa ita ce dashewar murya da wani farin abu da ke fitowa a harshe da cikin kumatu kamar guntun madara. Maganinsa mai sauƙi ne: duk lokacin da ya shaƙa ya kurkure baki da ruwa ya tofar, ko ki haɗa masa shaƙar da lokacin goge haƙori.

Tambayata gare ki, yana da sifesa? Ina nufin bututun robar nan da ake sa inhela a gefe ɗaya yaro ya sa baki a ɗayan. Idan babu ita, yawancin feshin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. A girgiza inhelar, a yi feshi ɗaya cikin bututun, ya ja numfashi a nitse kamar sau 5, sannan a sake girgizawa in akwai feshi na biyu. Kada a zuba biyu a lokaci guda. In za ki wanke ta, da ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke, ki bar ta ta bushe da kanta, kada ki goge cikinta da tsumma don maganin zai riƙa manne wa jikin robar. Ki tafi da inhelar da sifesar gobe ya shaƙa a gaban likita, sau da yawa a nan ake gano matsalar.

Wani mai asma tun yarinta:

Anti, shekarata 34, kuma na yi fiye da 10 a cikinsu da shuɗiya kaɗai a aljihu. Ina alfahari da cewa ba na shan magani kullum. Har na saba da rawar hannun, in zan sa hannu a takarda sai na ɗan jira ta lafa. Wata rana na shaƙa, na sake shaƙa, babu abin da ya buɗe, sai farkawa na yi da abin iska a fuska. A nan likita ya tambaye ni gwangwani nawa nake ƙararwa a shekara, na ce wajen 8. Ya ce daga 3 zuwa sama ma alama ce ta haɗari. Tun 2019 ƙungiyar GINA mai fitar da ƙa'idojin kula da asma na duniya ta daina ba da shawarar a bar babba ko matashi a kan shuɗiya ita kaɗai. Ni yanzu inhela ɗaya nake riƙewa mai haɗe da budesonid da formoterol, duk shaƙar da na yi don buɗe numfashi tana tafe da maganin kumburin. Na yara tsarinsu daban ne, likitansa ne zai faɗa. Rawar hannun ɗanki za ta ragu da kanta idan buƙatar shuɗiyar ta ragu.

Abu ɗaya da ya taɓa cuta ta: gwangwanin da ya ƙare yana ci gaba da fesa iska kamar akwai magani. Yawancinsu feshi 200 ne, in naki ba shi da lambar ƙirge ki riƙa rubuta ranar da kika buɗe.

Mai haɗa magunguna:

Na manta ban taɓo alajin ba. Setirizin ya fi Piriton sauƙin illa, amma shi ma yana sa wasu kasala da barci. In kin lura da haka ki tambaya ko za a mayar da shi kan loratadin. Toshewar hanci kuwa maganin fesawa a hanci mai sitiroid, irin su mometason, ya fi ƙwayoyin nan aiki, kuma hancin da ya lafa yana taimaka wa ƙirji. A karkata bakin feshin zuwa gefen kunne, ba tsakiyar hanci ba, don gudun haɓo. Wanda zan ja miki kunne a kansa shi ne feshin buɗe hanci nan take, irin mai oksimetazolin. In aka wuce 'yan kwanaki ana yi, hancin toshewa yake ƙara yi da zarar an daina.

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara:

Kafin gobe, Hajiya, shuɗiyar ta kwana kusa da ke. In kika ga ba ya iya gama magana saboda haki, ko fatar wuya da tsakanin haƙarƙari na shigewa ciki, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya shaƙa bai ji sauƙi ba, ki zaunar da shi a miƙe, ki ba shi feshi ɗaya-ɗaya ta sifesa, tsakaninsu rabin minti zuwa minti ɗaya, har zuwa 10, kuna kan hanyar asibiti. Kada ki jira gari ya waye.

Mai tambaya:

'Yan uwa na gode, Allah ya saka da alheri. Yau kwana 9 da muka je. Na gaya wa likita komai, har da daina mai ruwan ƙasar. Bai yi mini faɗa ba, ya dai yi shiru ya ce da ya sani da ba haka ya rubuta ba. Ya tsayar da montelukas, ya mayar da shi kan beklometason safe da dare, ya sa muka samo sifesa. Da yaron ya gwada shaƙa a gabansa ashe duk tsawon lokacin nan fesawa yake yi sannan ya ja numfashi, maganin na fita ta gefen baki ina kallo ban sani ba.

Daren farko da na biyu ya ɗan firgita, daga na huɗu zuwa yau bai farka ba. Fushin bai gama wucewa ba amma ya ragu sosai, jiya na same shi yana ɗaure wa ƙanwarsa igiyar takalmi. Shuɗiyar sau 2 ya nema a wannan makon. Tarin dare ya ɗan dawo kaɗan, likita ya ce in ba mai ruwan ƙasar lokaci, mu koma bayan mako 4 da takardar da nake rubuta duk ranar da ya shaƙi shuɗiya. Anti ma'aikaciyar jinya, muryarsa ta ɗan dashe tun shekaranjiya duk da yana kurkure baki, in bari sai ranar komawa ko in kai shi kafin nan?