Amyar farko a Legas: waɗanda suka fara kiwon zuma ba magani, ku ba mu labari

Baban Hafsat, Ikorodu

Assalamu alaikum jama'a. Allah ya nufa na katange ɗan filina a bayan Ikorodu, na yi ɗaki biyu, sauran wurin mangwaro ɗaya ne da ayaba. Ina yaro a ƙauyenmu ta wajen Zariya nakan ga kakana yana saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya ɗora a kan ɗorawa. Kallo kawai na yi, ban taɓa sa hannu ba. Yanzu ina so in fara, kuma ba na son ko ɗigon maganin kanti ya kusanci zumar da 'ya'yana za su sha. Waɗanda suka gwada a nan Legas, me kuka gani a shekarar farko? Na fi son jin abin da ya ɓaci, don in kauce masa.

Kafinta na Agege

Wa alaikumus salam, Baban Hafsat. Amyar ciyawa ba za ta kai ka damina biyu a nan ba, ruwan Yuni kaɗai ya ishe ta. Yi akwatin katako irin wanda ake kira na Kenya: doguwa ce kamar kwale-kwale, samanta ya fi ƙasanta faɗi, a jera sanduna a bisa, kowace sanda ƙudan su rataya saƙa ɗaya a jikinta. Faɗin sandar nan shi ne sirrin, milimita 32 zuwa 33, don ƙudanmu na Afirka sun fi na Turai ƙanƙanta. In ya wuce haka sai su yi saƙa a gicciye, ka ɗaga sanda ɗaya uku su biyo ta.

Kuskurena kuwa, ni da nake kafinta, abin ya dame ni ƙwarai. Katakon da na sayo an riga an jiƙa shi da maganin gara, ban tambaya ba. Wata biyar akwatin na zaune, ko ƙuda ɗaya bai kwana ba. Sai da na sake wani da katakon da ba a taɓa sa wa magani ba, na bar cikinsa babu fenti, na narka kakin zuma na zizara a ƙarƙashin kowace sanda, na goge bangon ciki da ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami. Ƙamshinta ya yi kama da wanda ƙudan ke fitarwa in suna kiran 'yan'uwansu. Cikin Nuwamba suka shigo da kansu, ban sayi ko ɗaya ba.

Maman Khalifa, Idi-Araba

Malam, kafin maganar katako ka fara duba maƙwabta. Ni a nan na sha kashi, har yau in na tuna raina na ɓaci, kuma laifin nawa ne.

Na ɗora akwati a saman benen da muke haya, da izinin mai gida. Suka shiga, na yi murna. Da rani ya yi fure ya ja baya, sai suka gano teburin wata baiwar Allah mai sayar da zoɓo da kunun aya a ƙofar gida. Kullum cincirindo a bakin robobinta, masu saye suna ja da baya. Ta yi haƙuri da ni sosai, amma abincin 'ya'yanta ne. Ana cikin haka wani maƙwabci ya kira masu feshin sauro suka feshe kwata da bayan gidaje da rana tsaka. Washegari na hau sama na tarar da su zube a ƙofar akwati, wasu na ta juyi a ƙasa. Na zauna na yi kuka. Ni ban taɓa sa musu magani ba, amma ƙuda na tafiya kilomita biyu zuwa uku neman fure, ba ka da iko da abin da zai tarar. Kuma wa zai ga laifin mai feshi a garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara?

Ragowar na kwashe da dare, na toshe ƙofar da raga, muka kai gonar wani ɗan'uwan maigidana ta wajen Epe. Can suka farfaɗo. Don Allah duk wanda ke Idi-Araba, Obalende, Mile 12 ko cikin Agege inda gida ke manne da gida, ya haƙura da ajiyewa a gida. Ƙudanmu na da zafi, in suka fusata ba sa tambayar wa ya taɓa su. Kai da kake bayan gari kana da dama, amma ka zaga gida-gida ka faɗa musu, ka roƙi duk mai shirin feshi ya sanar da kai kwana ɗaya kafin nan.

Ɗalibi daga Ojo

Gaskiya ne Hajiya. Abin da ya taimake ni: na juya ƙofar akwatin tana kallon katanga mai tsayin kusan mita 2, sai su tashi sama tun daga fita, su wuce bisa kan mutane. Na kuma ajiye musu kasko da ruwa da tsakuwa a ciki tun ranar farko, don kada su saba da randar maƙwabta. Janareta kuma a nisanta shi, hayaƙinsa da girgizarsa na tayar musu da hankali.

Baba mai zuma, hanyar Badagry

Yaro, sannu da niyya. Na yi wannan aiki a Arewa tun da ƙuruciya, da na dawo nan sai na koma ɗan koyo.

Abu na farko, laima. A gida iska busasshiya ce, zuma na nuna da wuri. A nan na yi gaggawa na yanka saƙar da ba su gama rufewa da kaki ba, na tace na zuba a galan. Bayan 'yan makonni ta yi kumfa, ta yi tsami, murfin har ya kumbura. Zumar da ta nuna ruwan cikinta bai kamata ya wuce kashi 20 cikin 100 ba, kuma alamar da ke hannunka ita ce rufin nan. Wadda ba su rufe ba, ba taka ba ce tukuna. Ni yanzu da rani kawai nake ɗiba, daga hunturu zuwa kafin ruwa ya sauka, kuma ba na taɓa saƙar da ke da ƙwai da 'ya'ya. Ina bar musu rabonsu mai yawa, saboda Yuni da Yuli ruwa kan hana su fita kwana da kwanaki. Wanda ya kwashe duka, shi ne zai zo yana dama musu sukari, ko ya wayi gari sun yi ƙaura. Kada kuma ka dafa zuma a wuta don ta tace da sauri, ka murƙushe saƙar ka sa a tsumma mai tsabta ta ɗiga da kanta cikin bokiti mai murfi.

Na biyu, kwarkwasa. Dare ɗaya suka tashi min akwati guda. Mutane za su ce ka zuba baƙin mai ko garin magani a ƙafafun teburin da akwatin ke kai. Ni gwangwani huɗu nake sa wa ruwa in tsoma ƙafafun a ciki, in ɗiga man gyaɗa kaɗan a kai don kada sauro ya yi ƙwai, in share ciyawar da za ta zama musu gada. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana kashe tururuwa da ƙudan zuma, to gara in tare hanya kawai. Shi ya sa ma na bar ɗiban da muka gada na cinna wa amya wuta. Hayaƙi kaɗan na totuwar masara ko ɓawon kwakwa ya wadatar, da yamma liƙis, yara da awaki suna cikin gida.

Ɗalibi daga Ojo

Baba, ƙwaron nan varowa, ɗan mitsitsin da ke maƙale wa jikin ƙudan zuma, da ake ta magana a intanet fa? Turawa magani suke sa masa.

Baba mai zuma, hanyar Badagry

Ƙudan Turai ne yake kayarwa, namu sun fi jure masa, ban taɓa sa komai saboda shi ba. Abin da na fi gani ɗan baƙin buzuzun amya ne da tsutsar da ke cin kaki, su kuma gidan da ya yi rauni suke ci. In ƙudan ba su cika akwatin ba, sa allo ka rage musu faɗin ɗakin, ka toshe duk wata kafa, ka cire tsohuwar saƙar da suka bari. Kada ka dinga buɗewa kowane mako don marmari, namu ba sa son haka, tashi suke yi.

Maman Khalifa, Idi-Araba

Na manta: ka sayi rigar kariya da raga tun kafin su shigo. In an harbi yaro a kankare ƙarin da farce da sauri. In kuwa fuska ta kumbura ko numfashi ya fara wuya, asibiti nan take, ba jiƙe-jiƙe.

Baban Hafsat, Ikorodu

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Jiya bayan la'asar na shiga gidaje huɗun da ke kewaye da ni. Uku sun amince, ɗaya ma ya ce a ajiye masa kwalba. Na huɗun matarsa ta taɓa suma bayan harbin zuma, don haka na fasa ajiye akwatin a gindin mangwaro, zan kai shi can ƙarshen fili ta gefen daji, kuma guda ɗaya zan fara da shi. Kafinta, ranar Asabar zan zo Agege in sha Allah, tare za mu je zaɓen katakon. Baba, ko za a samu ɗan kaki a wurinka na zizara sanduna?