Na gama bautar ƙasa, ga takardu amma shiru: ta ina zan fara?

Mai tambaya, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Aikin gona na karanta a jami'a, wata takwas ke nan da gama bautar ƙasa. Na tura CV wurare da dama, ko kira ɗaya ban samu ba. Yanzu wani ya ce in kawo kuɗi ya samo mini gurbi a ma'aikatar tarayya. Garinmu ko sabis sai an fita bakin titi. Ku taimaka da shawara.

Tsohon jami'in ɗaukar ma'aikata:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ba shi ko sisi. Hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya a shafinta take sanarwa, kuma cike fom kyauta ne. Masu karɓar kuɗi takardar bogi suke bugawa, sai ranar tantancewa asiri ya tonu.

Yau ɗin nan ka shimfiɗa tabarma ka jera takardunka: NIN, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri, ta NYSC, ta haihuwa, da ta ɗan asalin ƙaramar hukuma. Duba suna harafi-harafi, duba ranar haihuwa. Nan yaranmu suka fi faɗuwa: wannan takarda Muhammad, waccan Mohammed, wata an sa sunan gari a madadin na mahaifi. In ka ga saɓani, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka nemi NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ta gyara tun kafin a buɗe shafi, don gyaran yana cin lokaci.

Malama mai ba ɗalibai shawara kan aiki:
Ɗana, CV ɗaya kake watsa wa kowa, ko? Shi ya sa. Kowane talla ka karanta abin da suke nema, ka ɗora shi a sama. Shafi biyu ya wadatar. “Ni mai ƙwazo ne” ba ta gaya wa kowa komai. Rubuta abin da ka yi da hannunka lokacin SIWES (horon sanin makamar aiki na ɗalibai) da bautar ƙasa, manoma nawa, kadada nawa, wane amfani. Ka mayar da shi PDF, sunan fayil ɗin ya zama sunanka.

Batun sabis kuwa kada ka raina shi. Gayyatar jarrabawar kwamfuta takan zo ta imel ko saƙon waya, da wa'adin kwanaki kaɗan. Sa lamba ta biyu, ta ɗan'uwa da ke cikin gari, kuma kullum ka fita ka duba imel. Sannan ka koma jami'arku, sashen harkokin ɗalibai, ka tambayi masu ba da shawara kan aiki, su duba maka CV ɗin. Ka gaida shugaban sashenku, ka nemi izinin malamai biyu kafin ka rubuta su a matsayin masu tsaya maka.

Malamin gona daga Haɗejiya:
Abokina, kana zaune kan abin da kake nema. Shinkafar Auyo da Haɗejiya, riɗi da zoɓon kasuwar Maigatari, noman ranin Kura da Kadawa: kamfanonin iri da taki da masu injin casa suna buƙatar yaran da za su bi manoma gona-gona. Kafin faɗuwar damina da farkon rani suke nema, kuma sau da yawa ba a tallata shi; a bakin dillalai da ofishin JARDA ko KNARDA, hukumomin bunƙasa noma na Jigawa da Kano, ake ji. Abu uku suke dubawa: ka iya babur, ka iya shigar da bayanai a waya da manhaja irin su KoboCollect, ka iya Excel. Wata ɗaya ya ishe ka koyon biyun ƙarshe. Aikin kwantiragi ne, albashin ba yawa, amma shi ne zai cike maka gurbin “ƙwarewar shekara biyu” da ake ta tambaya.

Malama ta ƙara:
In koyarwa kake so, digirin gona kaɗai bai isa ba. Sai ka yi PGDE, difloma ta koyarwa bayan digiri, cibiyoyin NTI (cibiyar horar da malamai ta ƙasa) suna yi, sannan ka zana jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na duba, ranar haihuwata a NIN ta saɓa da ta WAEC. Litinin in sha Allahu zan shiga Dutse.