Leda, itace da ruwan wanke-wanke: me ƙungiyarku ta sauya?

Uwar asusu, Birni

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Daminar bara ruwa ya tsaya a lungunmu har ya fara cin gindin katanga, da samari suka buɗe magudana ba abin da suka riƙa cirowa sai baƙar leda da ta piya wata. Ranar zubi muka yanke shawara mu matan asusu: mai zuwa Kasuwar Dole ta ɗauki kwando ko jakar kaba, mai sayen mai ta tafi da kwalbarta, yaron da aka aika sayen koko a ba shi kwano. Wadda aka gani da baƙar leda ta zuba dala biyar a akwati. Ina so in ji na sauran unguwanni, abin da ya ɗore da wanda ya gagara.

Mahauci, Zango

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ni a cikin tumbi nake ganin ledar nan. Za a kawo akuya ta rame, cikinta ya kumbura, mai ita ya gama kashe kuɗi a magani. Ana farke ta sai ka jawo dunƙule guda, leda ta murɗe da tsumma da igiyar buhu, ta yi baƙi ta yi tauri, har sai ka sa hannu biyu. Ba ta narkewa, wurin abinci take tarewa, dabba tana ci tana ƙarewa. Yawanci kuma akuyar wata mata ce, wadda ita ce jarinta. Tun 2014 aka yi dokar hana irin wannan leda a Nijar, amma a bakin tebur mai saye yana miƙo kuɗi yana jiran leda. Mu 'yan layinmu mun daidaita: duk wanda ya zo da kwanonsa, gyara ta fi ta kowa. Mata sun riga maza ganewa.

Malamar lekwal, Sabon Gari

Mu namu ruwa ne. Garin nan bisa dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga Gogo da Machaya da Arunguza, kuma kowa ya san yadda kuɗin bido yake tashi in bazara ta kama. A ƙungiyarmu ruwa ba ya yin aiki ɗaya ya tafi. Na alwala muna tara shi a roba ya je gindin zogale, na ɗaurayar wanki ya yi shara da banɗaki, na wankin gero kuwa awaki ne da shi. Sai dai a kula, ruwan omo yana ƙona ƙaramin dashe, kada a zuba masa. Da damina mun sa tano a ƙarƙashin indararo, a bar ruwan farko ya wanke rufi tukuna, a kuma rufe bakin tanon saboda sauro.

Ɗan fada, Garin Malam

Iyayenmu mata kun yi ƙoƙari. Mu a fadarmu ta samari duk 3 ga Agusta muna dasa itatuwa, amma kafin sanyi ya fita awaki da ƙishirwa sun gama da su. Bana mun rage yawan dashen, kowane bedi da mai shi, ya kewaye shi da ƙaya, ya ba shi ruwa. Wanda nasa ya mutu shi ke sayen gawayin shayi na sati. Inda muka maƙale shi ne shara. Muna share layi ranar Lahadi, mu tara leda tsibi, daga nan fa? In mun ƙona, hayaƙin ya hana tsofaffi numfashi, in mun bari iska ta mayar da ita inda ta fito.

Mai tuwo-tuwo, Tudun Jamus

Ɗana, kada ku ƙona don Allah, ni na san abin da hayaƙi yake yi wa ido da ƙirji. Shi ne ma ya sa muka buɗe asusun gaz. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gaz ɗin a ƙasarmu ake yin sa, amma abin da ke hana mace shi ne kuɗin tukunyar gaz ta farko. To sai muka ce duk wadda kwasa ta zo kanta, tukunya mai kilo 6 za a sayo mata, ba kuɗi a hannu ba. Wasu mazan sun ƙi da fari, tsoron gobara, sai da muka kira mai sayarwa ya nuna yadda ake shafa kumfar sabulu a bakin tukunya a gane ko tana yoyo.

Gaskiya kuma babbar tukunyar tuwo ba ta barin itace, kuma akwai lokacin da gaz ke yankewa a gari. Don haka na bar murhun duwatsu uku na koma na ƙarfe, Mai Sauƙi, wanda tukunya ke zama a cikinsa iska ba ta kwashe wutar. Wake in jiƙa shi tun dare, tukunya a rufe, in an sauke a kashe bakin wuta da ƙasa a ajiye na gobe. Damin itacen da nake ƙararwa da can yanzu yana kai ni nesa.

Manomi, wajen Matamaye

Inna, kowane dami da kika rage, daga dajinmu aka rage sara. Mu nan mun daɗe da sassaben zamani: in kututture ya tofo ba ma ƙone shi, mu zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi mu bari, mu datse sauran. Ku zo ku ga gawo a gonakin Matamaye da Magarya. Da damina yake zubar da ganye, bai tare wa hatsi rana, da rani ƴaƴansa su riƙe mana dabbobi.

Roƙona ga ƴan birni ɗaya ne. Manoman kewayen gari suna sayen shararku amalanke-amalanke don taki, amma rabinta leda ce da fasasshiyar kwalba da tsohon batir. Leda ta binne a kunya, saiwa ta kasa ratsa ta, kwalba ta yanke yaro a ƙafa wajen noma. Ku ware toka da kashin awaki da ɓawon kayan miya gefe guda tun daga gida. Irin wannan ko tsada aka sa mata za a saya.

Ɗan fada, Garin Malam

Baba, wannan za mu iya. Buhu biyu a ƙofar kowane gida, ɗaya na taki ɗaya na leda. Kuɗin takin sai ya biya mai amalanken da zai fitar da ledar daga unguwa. Malama, ko za ki ba mu ɗalibanki manya su zaga gidajen layinku da mu ranar Lahadi? Matan gida sun fi buɗe musu ƙofa.