Wace kalma ce ta dace da "concussion" a Hausa?

Malaman harshe da likitoci, ina neman mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da Turawa ke kira "concussion", wato lahanin da ke samun ƙwaƙwalwa idan duka ko karo ya jijjiga ta a cikin ƙoƙon kai.

A watan Satumba na 2014, a wasan ƙwallon Amurka tsakanin jami'o'in Mishigan da Minesota, an bugi ɗan wasa Shane Morris a kai, ya miƙe yana tangaɗi har ya jingina da abokin wasansa, amma koci Brady Hoke bai fitar da shi nan take ba, daga baya ma aka sake mayar da shi fili. Sai bayan kwanaki jami'ar Mishigan ta amsa cewa ga dukkan alamu ya sami wannan lahani. Alhali tun 2010 NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta wajabta fitar da duk ɗan wasan da alamun suka bayyana gare shi, ta kuma ɗora wa ɗalibai nauyin faɗin abin da suke ji. Nan gizo ke saƙa, domin jiri da ciwon kai ba a ganinsu, kuma ɗalibin da gurbinsa a tawaga ke hannun koci yakan gwammace ya yi shiru idan ya san malamin nasa raki yake ɗaukar irin wannan kuka.

Saboda haka kalmar da muke nema dole ta kasance wadda ɗan wasa zai furta ba tare da jin kunya ba, koci kuma ya kasa raina ta.

"Suma" kuskure ne mai haɗari, tunda mafi yawan masu lahanin ba sa suma, kuma sai koci ya ce ai yaron bai faɗi ba. "Buguwar kai" ta yi sauƙi, tamkar ƙululu a goshi. "Taɓin ƙwaƙwalwa" kuwa tuni ya zama na ciwon hauka, babu saurayin da zai yarda ya jingina wa kansa shi a gaban tawaga.

Ni na zaɓi "girgizar ƙwaƙwalwa". Ta bayyana ainihin abin da ya faru, ta yi daidai da asalin kalmar a Latin, wanda girgizawa yake nufi, kuma tana karɓar aikatau cikin sauƙi: "ƙwaƙwalwarsa ta girgizu, ba zai koma fili yau ba". Idan likitocin asibitocinmu suna da wata da marasa lafiya suka riga suka saba da ita, su kawo mu auna su tare.